Anti, In Daka Masa Maganin A Kunu?

Assalamu alaikum Anti, ya ƙoƙari? Don Allah ki sakaya sunana.

Shekararmu 11 da aure da maigidana, yaranmu huɗu. Shekarunsa 39, yana da shago a Kantin Kwari. Bara waccan bayan Babbar Sallah ya rikice mana. Ya yi kusan kwana 10 ba barci, ga surutu ba ƙaƙƙautawa, ya ce masaƙa zai buɗe, ya rabar da atamfofi masu yawa har da waɗanda ya karɓo bashi. An yi ruƙiyya, an yi hayaƙi, an sha rubutu, abu sai gaba yake yi. Daga ƙarshe yayansa ya kai shi asibiti, ya yi sati uku a kwance. Suka ce sunan ciwon baifola, suka ɗora shi a kan olanzafin da Epilim Chrono. Alhamdulillah ya dawo hayyacinsa, ya koma kasuwa.

To amma ya yi ƙiba sosai, hannunsa na rawa in ya ɗauki kofi, ba ya tashi Asuba sai na yi da gaske, kuma ki gafarce ni, harkar auratayya ma ta ja baya. Hajiyarsa ta ce ƙwayoyin nan ne ke kashe mata ɗa, jifansa aka yi a kasuwa, har ta samo wani mai magani a ƙauye da za a kai shi ya zauna wata uku. Ƙannensa mata kuma cewa suke ni na mallake shi, ina ɗura masa maganin mahaukata don in riƙa juya shi.

Shekaranjiya ina gyaran durowa na tarar da ƙwayoyi a cikin wata tsohuwar hularsa. Na ƙirga, na kusan sati uku ne. Ashe karɓa yake daga hannuna ya ɓoye. Kwana huɗu ke nan sai ƙarfe 2 yake kwanciya, ya tashi kafin kiran sallar farko, yana cewa bai taɓa jin ƙarfi irin na yanzu ba. Jiya ya fara zancen zuwa Dubai saro kaya. Ranar komawarmu asibiti saura sati biyar.

Ƙawata ta ce in riƙa daka maganin ina zuba masa a kunu ba da saninsa ba. Anti, in yi? Wallahi tsoro nake ji.

Maman yara huɗu, Kano

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, 'yata. Sannu da ɗawainiya. Allah Ya ba ki ladan haƙuri, Ya ba maigidanki lafiya mai ɗorewa.

Kada ki daka. Kuma kada ki jira sati biyar ɗin nan. In da safe amsar nan ta iske ki, yau ce ranar asibiti. In da dare ne, gobe da sassafe.

Bari in fara da kunun tunda shi kika tambaya. Na san tausayi ne ya sa ƙawarki ta ba ki shawarar, kuma a shekarun da na yi ina aikin jinya a ɗakin masu taɓin ƙwaƙwalwa na ga mata da dama da suka bi ta wannan hanya. Amma duba nan. Epilim Chrono an yi shi ne don ya riƙa narkewa sannu a hankali a ciki, ya yini yana aiki. Kina daka shi kin rushe tsarin, abin da ya kamata jiki ya karɓa cikin awoyi sai ya shige shi lokaci guda. Sannan wanda ya yi sati uku bai sha ba, ba a mayar da shi kan ma'aunin da ya bari haka kawai, sai likita ya duba, wani lokacin ma daga ƙasa ake sake farawa. Kuma kunu a gidan Bahaushe ai ba na mutum ɗaya ba ne. Ya kurɓa ya ajiye, autarku ta ɗauka ta shanye, ko a juye wa almajiri a kwanonsa, ko baƙuwa mai ƙaramin ciki ta shigo ki rasa bakin hana ta. Wannan magani kuwa an tabbatar yana nakasa ɗan tayi. Ke kanki ba za ki san nawa ya shiga cikinsa ba, nawa ya kwanta a gindin kofi. Ranar da likita ya tambaye ki me yake sha, ba ki da amsar da za a yi aiki da ita.

Duk wannan mai sauƙi ne a kan abin da ya fi damuna. Kin ce dangin miji na zarginki da mallaka. To mene ne sunan garin maganin da mace ke zuba wa miji a abinci a ɓoye a ƙasar nan tamu? Barbaɗe. Ranar da ya ji ɗaci a harshe, ko wata ƙanwarsa ta leƙo kicin ta gan ki kina murƙushe wani abu da bayan cokali, babu rantsuwar da za ta wanke ki. Shi kuma ciwon nan in ya tashi yakan zo da zargi, mara lafiya ya riƙa ganin ana ƙulla masa wani abu. Yanzu zargin ba shi da tushe. Kina dakawa kin dasa masa tushe, ya daina cin abincin hannunki, mutum ɗayar da har yanzu yake karɓar abu daga gare ta ta fita daga lissafi. Garin neman gira a rasa ido. Akwai wasu lokuta, ba kasafai ba, da likitoci kan yanke shawarar ba wanda hankalinsa ya gushe gaba ɗaya magani ba da saninsa ba, amma wannan hukuncin asibiti ne, a rubuce a fayil, ba na mace ita kaɗai a bakin murhu ba.

Ni ban ga maigidanki ba, kuma ba a duba mara lafiya ta wasiƙa. Sai dai abin da kika zayyana ya yi kama da farkon motsin ciwon. Baifola ciwo ne mai kai da komo. Wani lokaci ya ɗaga mutum sama, ya ji babu kamarsa, dabaru na ta zubo masa, kuɗi ba su da nauyi a hannunsa. Wani lokaci ya jefa shi ƙasa, cikin ƙunci da mutuwar jiki, har fita ƙofar gida ta gagare shi. A tsakani kuma ga shi garau. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 40 ne ke ɗauke da shi a 2019, masu shago da marasa shago, masu abokan gaba da waɗanda ba su da ko ɗaya. Alamar da ta fi saurin fitowa ita ce wadda kika lura da ita: barci ya ragu amma mutum bai gaji ba. Wanda tunani ya hana barci yana wayar gari a galabaice yana hamma. Wannan kuwa awa uku zai yi ya miƙe kamar sabon inji. Rashin barcin shi kansa yana ƙara hura wutar, daren yau ya jawo na gobe. Shi ya sa nake ƙirga kwanaki, ba makonni ba. A wannan gaɓar sau da yawa daga gida ake shawo kan abin, da gyaran magani da 'yan kwanakin hutu. In aka bari ya kai inda ya kai bara waccan, sai gado, sai sabon bashi a kan tsoho.

Ranar da aka rubuta a kati ba ta ɗaure ki ba. An rubuta ta ne don mutumin da ke shan magani yana barcinsa. Ki ɗauki katin, ki zuba ƙwayoyin da kika tsinta a leda yadda suke, ki kira yayansa da ya kai shi wancan karon. In maigidan ya ƙi zuwa, ku je ku biyu ku ga likita ko babbar nas ta sashen, ku faɗi abu uku: sati uku bai sha magani ba, kwana huɗu yana barcin awa uku, ya fara zancen manyan kuɗi. Duk wanda ya san aikin nan yana jin haka zai gyara zama.

Amma na fi so ya je da ƙafarsa. A nan nake so ki nutsu ki saurare ni, don a wasiƙarki kowa ya yi magana ban da mutum ɗaya. Hajiya ta faɗi nata, ƙannensa sun faɗi nasu, ƙawarki ma ta tofa albarkacin bakinta. Shi fa? Magidanci ne da ya saba shi ke tashin gida sallar Asuba, yau matarsa ke jijjiga shi kamar yaro. Zai miƙa wa abokin ciniki shayi, hannu na karkarwa a gaban yaran shago. Kaftanin da ya ɗinka bara ya ƙi shiga. Ga kuma abin da kika ce in gafarce ki a kai, wanda a wurin namiji ya fi duk sauran ciwo. Kowace ƙwaya da kika miƙa masa da dare tana tuna masa kwana 10 ɗin da ya zubar da girmansa a kasuwar da ya yi shekaru yana gina suna. Ƙari a kan haka, ƙarfin da yake ji yanzu daɗi yake masa, a ganinsa ma lafiyar ce ta dawo. Mutumin nan ba taurin kai kawai ya yi ba. Ƙorafi gare shi na gaskiya, bai sami inda zai kai shi ba, sai ya kai shi cikin hula.

Kamar ina ganin yadda zuwanku asibiti ke kasancewa. An sha layi tun safe, an shiga, likita ya ce, "Alhaji ya jiki?" Ya ce, "Alhamdulillah, da sauƙi." "Akwai wata matsala?" "Babu." A sake rubuta magani, a fito. Likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya 'yan ɗaruruwa ne kacal ga mutane sama da miliyan 200, wanda ke gabanku layi na jiransa a waje. In aka ce masa lafiya lau, lafiya lau zai rubuta. Kunya ado ce, ban musa ba, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Duk abin da kika lissafa sananne ne a wurin likitoci, kuma kusan kowanne akwai abin da ake yi a kai. Olanzafin ya yi suna wajen buɗe ciki da sa ƙiba da nauyin barci, har yakan ɗaga sukari da kitsen jini. Shi ya sa ake so a riƙa auna nauyin mai shan sa, a gwada jininsa lokaci zuwa lokaci. In ba a taɓa yi masa ba, ku nema. Epilim ma na sa ƙiba, rawar hannu kuma na cikin abin da aka san shi da shi. Likita na iya rage ma'auni. Yana iya matso da lokacin sha zuwa bayan Magariba, don nauyin ya sake shi kafin Asuba. Yana iya sauya masa zuwa wanda bai cika sa ƙiba ba, irin su arififirazol. Akwai litiyam, tsohon maganin da wani likita ɗan Ostareliya mai suna John Cade ya bayyana amfaninsa a 1949, wanda har gobe yana sahun gaba wajen hana ciwon dawowa, sai dai yana son gwajin jini a kai a kai da lura da ƙoda, kuma a zafin Kano na watan Afrilu mai shan sa ba ya wasa da ruwa. Akwai kuma allura mai daɗewa a jiki, a yi ta sau ɗaya a sati biyu ko a wata, ga wanda haɗiyar ƙwaya kullum ta gundura. Ba ni zan zaɓa ba, ba ke ba. Mai yiwuwa ma, tunda ciwon na motsi, likita ya ce a fara kwantar da ƙurar tukuna kafin a yi zancen ragi. Amma mutum ya ji daga bakin likita cewa an ji kukansa kuma za a duba, wannan kaɗai ya sha sa wanda ya yi rantsuwa ya miƙa hannu ya karɓi magani.

Wani abu kafin in manta: ku nisanci kemis a kan wannan lamari. Kada wani ya ce a sayo Exol saboda rawar hannu, ko baliyam saboda barci, ko maganin ƙarfin maza na bakin titi. Mafi haɗari, in daga baya ya faɗa ƙunci, kada a sayo masa maganin ciwon damuwa da ka. Ga mai baifola, shan irinsa shi kaɗai na iya harba mutum sama ya koma gidan jiya.

Yadda za ki buɗe zancen kuwa, ba da tsakar dare ba, ba a gaban yara ba, ba kuma da ledar ƙwayoyi a hannu kamar mai gabatar da shaida a kotu ba. Bayan ya karya, ki zauna kusa da shi ki ce wani abu kamar haka: "Abban yara, na ga maganin a hula. Ba faɗa ya kawo ni ba. Na san yana wahalar da kai, ni ma ina gani. Mu je mu gaya wa likita ya canza maka. Abin da kake jin nauyin faɗa, ni zan faɗa." Kada kalmar "ciwonka ya tashi" ta fito daga bakinki, zai ji kamar kin kira shi da sunan da ya fi tsoro. Ki tsaya a kan barci da rawar hannu, abubuwan da shi ma ba zai musa ba. Zancen Dubai kada ki ja da shi. Ki ce Allah Ya sa albarka, amma a bari a ga likita tukuna. Can gefe ki sanar da yayansa, shi zai san dabarar da zai yi fasfo da manyan kuɗi su yi ɗan nisa da hannunsa a kwanakin nan.

Akwai rabin jinyar da ban ji kin ambata ba ko sau ɗaya, kuma ina zargin ba a taɓa yi muku tayinsa ba, ko an yi kun ɗauka ɓata lokaci ne. Magani na riƙe ciwon, amma ba ya koya wa mutum yadda zai zauna da shi. A manyan asibitoci akwai masana halayyar ɗan Adam, aikinsu zama da mara lafiya a tattauna. Mutanenmu sukan taɓe baki su ce, zance kawai? Ba hira ba ce, ba kuma wa'azi ba. Zama ne mai tsari, kusan awa ɗaya, sati-sati ko bayan sati biyu, har da aikin da za a ba shi ya je gida ya yi. A can zai koyi ciwon kamar yadda ya san atamfa, ya bambance ta gaske da jabu tun daga nesa. Za a sa ya riƙe ɗan littafi yana rubuta lokacin kwanciya da na tashi. Za a zaƙulo alamominsa shi kansa, don kowa da nasa: wani sai ya fara yawan kiran waya da dare, wani kyauta, wani saurin fushi, naku ga alama manyan tsare-tsaren kasuwanci ne. Tunanin da ke cin sa a ɓoye, irin su "na gama yawo, duk Kwari kallon mahaukaci ake min", za a ɗora shi a sikeli a auna: wa ya faɗa, su wa suka dawo suna ciniki da kai, wa ya sake ba ka kaya? Wannan salon auna tunani wani likitan Amurka, Aaron Beck, ya kafa shi a shekarun 1960, yau kuma ko'ina ana aiki da shi. Akwai zaman da ake kiran iyali, a koya musu yin magana ba gori ba sa ido fiye da kima. An daɗe da tabbatar da cewa haɗa magani da irin wannan zama ya fi magani shi kaɗai rage dawowar ciwon. Sai dai ga baifola, zaman ba ya maye gurbin ƙwaya, tare suke tafiya.

Abin da na fi so a cikin zaman shi ne yarjejeniya. Lokacin da yake garau, da bakinsa zai faɗa a rubuta: in na yi dare biyu ban yi barcin kirki ba, ku kira wane, ku kai ni wuri kaza, wane ya riƙe makullin shago da katin banki har in dawo daidai. Ranar da abin ya motsa, ba ke kike ba shi umarni ba, maganarsa ce ake tuna masa.

Sai Hajiya. Uwa ce, kuma abin da idonta ya gani gaskiya ne: ɗanta ya yi nauyi, ya yi sanyi, ba shi ne wanda ta sani ba. A fassara kawai kuka rabu. Kada ki yi musu da ita a kan jifa. Ba za ki ci ba, kuma ba ki bukatar ci. Kada kuma ki tuna mata cewa wancan karon an yi na gida bai yi ba, ta sani, faɗar ce za ta zama rashin kunya. Matar ɗa ba ta gyara wa uwar miji zance, wannan aikin yayansa ne, ko wani kawu da take jin nauyinsa, ko limamin unguwa in mai fahimta ne. Abin da za a roƙe ta shi ne ta raka ku asibiti, ta zauna a gaban likita ta faɗi duk abin da ta gani a jikin ɗanta. Ita ce ma za ta faɗi abin da ku kuke kunyar faɗa. Uwar da likita ya saurara ya ce mata "gaskiyarki Hajiya, za mu gyara" ba kasafai take komawa gida tana yaƙar magani ba.

Wannan ba sabuwar dabara ba ce. A 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro, kusa da Abeokuta: maimakon a kulle marasa lafiya a bayan katanga, sai a sauke su a ƙauyukan da ke kewaye da asibitin, kowa tare da wani ɗan uwansa, su riƙa zuwa karɓar magani da rana. Har masu maganin gargajiya ya jawo a jiki. Duniya ta zo ta koya a wurinsa, daga baya ya zama mataimakin babban daraktan Hukumar Lafiya ta Duniya. Ya gane tun lokacin cewa a ƙasar nan ba a jinyar mutum a ware danginsa.

Don haka a ba Hajiya nata fagen, kuma babba ne: addu'ar uwa, tofi, ruƙiyya a cikin gida da ayoyin da aka sani, sadaka. Babu likitan kirki da zai hana. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce Allah bai saukar da wata cuta ba face Ya saukar mata da magani. Mai ciwon sukari na yin azkar ɗinsa safe da yamma yana kuma soka allurarsa, ba wanda ya ce imaninsa ya yi rauni.

Inda zan ja layi shi ne zaman wata uku a ƙauye. Ban san mutumin ba, ba zan ɗora masa laifin da ban gani ba. Amma ba mu manta da watan Satumba na 2019 ba, lokacin da 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, wasu da mari a ƙafa, jiki duk tabo, kuma da yawansu danginsu ne suka kai su da niyyar gyara. Yayansa ya tambaya: za a bar shi ya ci gaba da maganin asibiti? Ana ɗaurewa? Ana duka da sunan korar iska? Iyali na iya ganinsa duk lokacin da suka so? Amsa ɗaya ta karkace, zance ya ƙare. Ko amsoshin sun yi daɗi, mutumin da ciwonsa ke motsi yau ba wurin da ya dace da shi sai kusa da likita. Jiƙe-jiƙen da ba a san me ke ciki ba su ma a dakata, don Epilim ta hanta yake bi, ba a haɗa mata nauyi biyu. Ki kuma sani cewa tun Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958 da muka gada daga zamanin Turawa. A ƙarƙashinta maigidanki mutum ne mai haƙƙi: a yi masa bayani, a ji ta bakinsa a kan jinyarsa, kada a wulaƙanta shi. Wannan ya hau kan mai maganin ƙauye, ya hau kan asibiti, ya kuma hau kan mai daka ƙwaya a kunu.

In abin ya ƙwace kafin ku kai ga likita, wato ya kwana biyu bai runtsa ba sam, ko ya fara barazana, ko yana jin muryoyin da ba kowa ke ji ba, ko yana ambaton mutuwa, to babu jiran wayewar gari, sashen gaggawa za a nufa. Kin yi sa'a kina Kano, ga asibitin Dawanau, ga sashen ƙwaƙwalwa na asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano. Masu karatu na wasu garuruwan kuma akwai asibitocin tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware kusa da Sakkwato, da Maiduguri. Maza biyu ko uku da yake girmamawa sun isa, masu sanyin murya. Ban da taron unguwa, ban da igiya. In kin ga alamar zai kai hannu, ki kwashe yara ki fita, a yi maganar daga baya. Kuma ki riƙe wannan don gaba: bayan hawa sau da yawa gangara na biyowa, a lokacin ƙuncin nan ne aka fi jin tsoron mutum ya cutar da kansa. In kin ga ya yi shiru, ya daina cin abinci, yana cewa gara babu shi, ki tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta dasa tunanin, sau da yawa ma sauƙi take kawo wa mai ɗauke da shi. Fiya-fiya da maganin ɓera da tarin ƙwayoyi, tun yau su bar inda hannu zai kai.

Za ku tambayi likita har yaushe za a sha magani. Ki shirya jin cewa shekaru ne, wasu ma har iya rayuwa, kamar hawan jini. In ranar ragewa ta zo, a hankali ake yi cikin watanni, don yankewa farat ɗaya irin wadda ya yi ita ta fi saurin dawo da ciwon. Kafin azumi ma ku je a tsara lokutan sha, saboda sahur da tahajjud na taɓa barci, barci kuwa kin ga matsayinsa.

Ke kuma fa, 'yata? Shekara biyu kina nas, kina mai gadi, kina shan zargi a gidan da kike wa hidima. Miƙa masa ƙwaya da hannunki kullum dare, da kyakkyawar niyya kika yi, amma ya mayar da ke 'yar sanda a ɗakin mijinki. In ƙura ta lafa, maganin ya koma hannunsa, ya sa ƙararrawa a waya, ke ki koma matarsa. Ki sami mutum ɗaya a danginki da za ki riƙa sauke wa nauyin zuciya, mai riƙe sirri. In kin ga ke ma barci ya ƙaurace miki, ko kuka na zuwa ba dalili, ki faɗa a asibitin nan, ba sabon abu ba ne a wurinsu mai jinya ta bukaci a duba ta. Babban yaronku kuma ya isa ya lura. Ki gaya masa Abba ba shi da lafiya, yana shan magani, zai samu sauƙi, kafin ya ji wata fassarar a bakin 'yan unguwa.

In kun dawo ki sake rubuto min. Abu biyu nake so in ji: awa nawa ya yi barci a daren, sannan zancen Asuba da rawar hannu, shi ya buɗe baki ya gaya wa likita ko ke kika faɗa a madadinsa.